Daga Gayauna Zuwa Gandu: Yadda Wani Kamfanin Haƙar Rijiyoyi A Jos Ya Tsara Fayilolinsa Aiki-Aiki

Kamfanin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne, sana'arsa haƙar rijiyoyin burtsatse da kafa famfunan sola. Ofishinsa yana Jos ta wajen Titin Bauchi, kuma yana da wakili ɗaya a Abuja wanda ke bin takardun kwangila da maganar biyan kuɗi. Na yi aiki da su a matsayin mai ba da shawara kan tsarin ofis, kuma ba zan ambaci sunan kamfanin ko na wani ma'aikacinsa ba, domin abin da ke da amfani ga mai karatu shi ne ya ga inda matsalar ta samo asali da kuma yadda aka tunkare ta. Ma'aikatan da labarin ya fi shafa su ne mai kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji, da safiyo mai binciken ruwa, da injiniyan fili, da akanta, da mai kula da sito, da wakilin Abuja, sai kuma wata 'yar bautar ƙasa da aka turo musu.

Kafin a kai ga batun fayiloli, dole ne a san irin ƙasar da suke haƙa. Jos da kewayenta suna bisa dutse mai tauri, kuma a irin wannan ƙasa ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina kamar yadda ake samu a wasu wurare masu rairayi. Yana taruwa ne a cikin tsagogin dutse da kuma saman dutsen da ya ruɓe. Saboda haka wuri biyu da tazararsu ba ta wuce 'yan taku ba suna iya bambanta, ɗaya ya ba da ruwa, ɗaya ya ba da ƙura. Shi ya sa kafin motar haƙa ta isa wuri, safiyo yakan je da na'urar da ke tura wutar lantarki cikin ƙasa tana auna yadda ƙasar ke tare ta, sannan ya rubuta rahoto mai nuna wurin da za a kafa inji da zurfin da ake sa ran kaiwa. Tun da kuɗin haƙa a kan zurfi ake lissafa shi, wannan rahoto mai 'yan shafuka ya fi kowace takarda daraja a kamfanin.

Yadda abubuwa suke kafin gyara

Lokacin da na fara zuwa ofishin, na nemi a nuna mini duk takardun aiki ɗaya da aka kammala, tun daga wasiƙar farko har zuwa takardar miƙa rijiya ga masu ita. An shafe yini ana tattarawa, kuma ba a samu duka ba. Rahoton safiyo yana cikin kwamfutarsa, jadawalin kaya da farashi yana cikin imel ɗin akanta, hotunan aiki suna cikin wayar injiniya, rasit-rasit kuwa wasu suna cikin durowa, wasu an ɗauki hotonsu an tura a zauren WhatsApp na kamfani, inda suka nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Maganar da aka fi maimaitawa a zauren ita ce roƙon a sake turo wani abu da aka riga aka turo. Kowa yana da tsarinsa, kuma a ganinsa tsarin yana aiki, domin shi kansa yana iya gano abin da ya ajiye.

Wannan hali ya tuna mini da bambancin gandu da gayauna a gidan manomi. Gandu na gida ne baki ɗaya, amfaninsa rumbun gida yake shiga, kuma ko wani ya tafi ci-rani gandun yana nan. Gayauna kuwa ta mutum ɗaya ce, shi ke noma ta a lokacinsa, shi ke da iko da abin da ta ba da. Abin da na tarar a kamfanin shi ne ana noman gandu amma ana zuba amfanin a rumbunan gayauna. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Kamfanin ya fara da mutum uku da suke zama a ɗaki ɗaya, inda tambaya ta baki ta wadatar, sai ayyuka suka yi yawa, aka buɗe hulɗa da Abuja, amma al'adar ajiya ba ta canja ba.

An taɓa yin yunƙurin gyara. Wata 'yar bautar ƙasa da ta gabaci ta yanzu ta buɗe folda a Google Drive da asusunta na Gmail, ta gayyaci kowa, aka ɗan yi amfani da ita. Sai dai asusun kyauta na Google gigabait 15 ne kawai, kuma wannan wuri ɗaya ne ake rabawa tsakanin imel da Drive da hotuna. Tun da ita ce ke ɗora mafi yawan fayiloli, asusunta ne ya cika, imel ɗinta ya daina shigowa, don haka da ta gama shekararta ta koma gida sai ta share abubuwa da dama domin ta samu wuri. Abin da aka jefa a kwandon shara na Drive kwana 30 yake yi ya ɓace gaba ɗaya, kuma babu wanda ya lura sai bayan watanni. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, domin asusunta ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa kamfani ya dogara da shi.

Rijiyar da ba ta ba da ruwa ba

Abin da ya sa Alhaji ya nemi taimako ya faru ne a ranin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayun 2023. Kamfanin yana da ayyuka biyu a lokaci guda a garuruwa biyu masu suna ɗaya, Sabon Gida, wanda suna ne da ake samu a wurare da yawa a Arewa. Safiyo ya yi binciken duka biyun a mako ɗaya, ya sa wa kowane rahoto sunan garin kawai. Da injiniya ya isa fili da motar haƙa, ya nemi rahoto ta WhatsApp, sai wanda ke ofis ya bincika zauren, ya ga fayil mai sunan garin, ya tura masa. Rahoton ɗaya garin ne. Safiyo yana can wani ƙauye da babu sabis, turakun da ya kafa a filin kuma yara sun tumɓuke su, don haka injiniya ya bi kwatancen da ke cikin takarda, wanda ya yi maganar masallaci da makarantar firamare, abubuwan da kowane gari yake da su. An yi kwanaki ana haƙa, an kai zurfin da takarda ta faɗa har an wuce, ba a samu ruwa ba.

Asarar ba ta tsaya ga dizal da kuɗin ma'aikata ba. Mutanen garin sun riga sun tara gudummawarsu, dattawansu sun zo sun yi addu'a a bakin ramin, kuma a idonsu kamfanin ya zo ya ɓata musu fili ya tafi. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna, domin matan da ke tafiya rafi da jarka ba su san wani abu wai shi fayil ba, amma su suka ƙara watanni suna wannan tafiya saboda sunan fayil.

A cikin wannan rani kuma aka sake yin wani kuskure mai kama da shi. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin farantan sola da sumo (famfon da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa), waɗanda daga waje ake shigo da su, ya riƙa canjawa cikin 'yan makonni, har dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Akanta yakan gyara jadawalin farashi ya sake turawa, kowane gyara da sabon kwafi, kuma sunayen ba su nuna wanne ya riga wanne ba. Wakilin Abuja ya miƙa tsohon kwafi ga mai ba da kwangila, aka sa hannu a kansa, kamfanin ya yi aikin kusan ba riba. A taron da aka yi bayan haka kowa ya kare kansa, kuma kowa yana da gaskiya, domin kowa ya tura abin da yake hannunsa.

Shawarar da aka yanke

Tambayar farko da muka tsaya a kanta ita ce wa zai mallaki fayilolin. A Drive na asusun kyauta, duk wanda ya ɗora fayil shi ne mai shi, ko da a cikin foldar wani ya ɗora. A asusun kamfani da ake biya kuwa akwai rumbun haɗaka, wanda abin da aka zuba a ciki na kamfani ne, ko wanda ya ɗora ya bar aiki fayil yana nan. Ana biyan kuɗin ne duk wata a kan kowane mutum, don haka Alhaji ya yi jinkiri, kuma yana da hujja. Muka daidaita a kan a biya wa mutum uku kawai, wato shi da akanta da mai kula da rumbun fayilolin, sauran kuma a shigar da su da asusunsu na Gmail a matsayin baƙi. Da na kwatanta masa kuɗin shekara da kuɗin dizal ɗin da aka ƙona a rijiyar da ta bushe, bai ƙara jayayya ba.

Tambaya ta biyu ta fi ɗaukar lokaci, wato a kan me za a raba foldoji. Akanta ya so a raba bisa sashe: foldar kuɗi daban, ta safiyo daban, ta hotuna daban. Wannan ya fi masa sauƙi, domin idan zai rufe lissafin wata yana son ya ga duk rasit a wuri ɗaya. Na ƙi wannan shawara, kuma har yau ina ganin a nan ne gyaran ya tsaya ko ya faɗi. Duk tambayar da ake yi a kamfanin da sunan aiki take farawa: nawa aka kashe a rijiyar wuri kaza, wane sumo aka sa a can, yaushe garantinsa zai ƙare. Idan aka raba bisa sashe, amsa ɗaya sai an buɗe foldoji huɗu, kuma an mayar da gayaunar mutum ta zama gayaunar sashe ke nan. Saboda haka kowane aiki ya samu foldarsa, a cikinta kuma akwai ƙananan foldoji shida da ba sa canjawa daga aiki zuwa aiki, an jera su yadda aikin kansa yake tafiya: yarjejeniya, binciken ruwa, farashi da sayayya, aikin fili, biyan kuɗi, miƙawa. An biya wa akanta buƙatarsa ta hanyar jadawali ɗaya da ke tattara kashe-kashen duk ayyuka, kowane layi da mahaɗi, wato adireshin da idan aka latsa yake kai mutum ga rasit ɗinsa a foldar aikin.

Maganar suna ita ce ta fito kai tsaye daga rijiyar da ta bushe. Kowane aiki ya samu lamba tun ranar da aka fara maganarsa, kuma sunan foldar ya ƙunshi shekara, da lambar, da ƙaramar hukuma, da sunan gari. Wannan lamba ce ake rubutawa a kan rahoton safiyo, da takardar fitar da kaya daga sito, da fenti a jikin dutse ko bango kusa da wurin haƙa, tun da an ga abin da ke samun turaku. Sunan kowane fayil kuma da kwanan wata yake farawa, shekara sannan wata sannan rana, domin idan aka rubuta haka kwamfuta da kanta take jera su daga tsoho zuwa sabo. An hana amfani da kalmomi irin su sabo ko na ƙarshe a sunan fayil, domin sabon yau tsoho ne gobe. Jadawalin farashi kuwa an daina yin kwafinsa: guda ɗaya ne a Google Sheets, wanda ke ajiye tarihin duk gyaran da aka yi da sunan wanda ya yi, kuma idan za a miƙa wa mai kwangila sai a fitar da PDF mai kwanan wata da wa'adin da farashin zai daina aiki.

Akwai wani abu ƙarami da ya shafe mu Hausawa musamman. Wasu ma'aikatan suna rubuta haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wasu kuma wayoyinsu ba a saita musu su ba. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa ne daban, don haka mai neman suna da ɗaya yana iya rasa fayil ɗin da aka rubuta da ɗayan. Ban ji daɗin hakan ba, domin ina cikin masu son a rubuta Hausa daidai, amma muka yarda cewa a sunayen fayiloli za a bar lanƙwasa, a cikin takardu kuma a rubuta ta yadda ya kamata.

WhatsApp da rashin sabis

Na san tun farko cewa duk tsarin da ya ce a bar WhatsApp ba zai kwana biyu ba. Injiniyan da ke tsaye a bakin rami, hannunsa duk laka, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ba zai tsaya neman folda ta huɗu ba. Abin da muka yi shi ne muka rage wa WhatsApp matsayi, ya zama hanyar kawo kaya, rumbu kuma ya zama wurin ajiye su. Kowane aiki ya samu zaurensa mai ɗauke da lambar aikin, kuma kafin a tashi ofis 'yar bautar ƙasa takan kwashe abin da ya shigo ta sa shi a mazauninsa. Idan wani ya nemi fayil, mahaɗi ake tura masa maimakon kwafi. An kuma koya wa ma'aikatan fili su riƙa tura hotuna masu muhimmanci a matsayin takarda, domin idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba WhatsApp yana rage ingancinsa, yana kuma cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, har da wurin da aka ɗauke shi. Da hotunan safiyo suna ɗauke da wannan bayani, da injiniya ya gane cewa ba a garin da rahoton ke magana yake tsaye ba.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, sabis ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, har bankuna suka shiga matsala. A lokacin muna tsakiyar kwashe fayiloli zuwa rumbu, kuma safiyo, wanda dama bai gamsu da tsarin ba, ya samu hujjar da yake nema. Maganarsa gaskiya ce, kuma ta gyara mana aiki. Daga nan aka saita kwamfutar ofis ta riƙa riƙe kwafin duk foldojin ayyukan da ke gudana ko babu intanet, aka sayi faifan ajiya na waje da ake sabuntawa duk Juma'a Alhaji ya tafi da shi gida, kuma aka wajabta cewa motar haƙa ba za ta bar Jos ba sai da rahoton safiyo bugagge a takarda, mai lambar aiki da sa hannunsa.

Wa zai ga me

Da aka tara komai wuri ɗaya sai wata sabuwar damuwa ta taso. A ayyukan da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi akan tattara sunayen masu cin gajiya da lambobin wayarsu, wani lokaci har da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma a da irin wannan jeri yana yawo a zaure kamar kowane hoto. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, kuma idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ana buƙatar a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin awa 72. Ko babu doka ma, mutanen da suka ba da lambobinsu domin a kawo musu ruwa amana suka bayar. Saboda haka aka ware wa waɗannan jerin sunaye da takardun albashi rumbu na biyu wanda mutum uku kaɗai ke shiga. A babban rumbun kuma ma'aikatan fili suna iya ɗorawa da gyarawa amma ba sa iya sharewa, masu ba da kwangila kuma ana ba su damar gani kawai a foldar miƙawa. An rufe zaɓin nan da ke ba duk mai mahaɗi damar buɗe fayil, domin mahaɗi idan ya shiga WhatsApp babu mai iya cewa ga inda zai tsaya.

Inda aka kwana

Bayan damina ɗaya da rani ɗaya, sauyin da ya fi fitowa fili shi ne a wajen gyara. Idan aka kira cewa famfon wani gari ya tsaya, mai kula da sito yana buɗe foldar aikin ya ga irin sumon da aka sa, da zurfin da aka rataye shi, da rasit ɗin wanda ya sayar, kafin kowa ya hau mota. Wakilin Abuja ya daina kiran ofis yana jiran a turo masa takarda alhali yana tsaye a gaban mai ba da kwangila. Da 'yar bautar ƙasar ta gama shekararta, an cire ta daga rumbu a ranar da ta yi sallama, kuma babu fayil ɗaya da ya bi ta.

Tafiyarta ce kuma ta nuna raunin tsarin. Kwashe fayiloli daga zaure zuwa rumbu aiki ne na kullum da ya rataya a wuyan mafi ƙanƙanta a ofis, kuma da ta tafi an yi makonni babu mai yi, har zaurukan suka fara komawa gidan jiya. Na gaya wa Alhaji cewa wannan aiki yana buƙatar a rubuta shi cikin aikin ma'aikaci na dindindin kuma a saka masa a albashi, ya amince, aka ba mai kula da sito, wanda dama sana'arsa ce sanin inda kowane kaya yake.

Batun safiyo kuwa bai gama warwarewa ba. Rahotanninsa na sababbin ayyuka suna shiga rumbu ba tare da an tuna masa ba, amma littattafansa na shekarun baya, waɗanda ke ɗauke da awon wurare masu yawa daga Bukuru zuwa Barikin Ladi da Mangu, da abin da kowace rijiya ta bayar bayan an haƙa, suna gidansa. Na same shi a kan maganar, na ce masa, Malam, wannan ilimi idan ya ɓace ba a sake samunsa. Ya amsa mini cewa wasu daga cikin awon ya yi su ne tun kafin a kafa kamfanin, da na'urarsa da kuɗin motarsa, kuma su ne abin da zai ci da shi idan ƙarfinsa ya ƙare. Ban iya ce masa ya yi kuskure ba, domin wannan gayauna ce ta halak. Shawarar da na bari a kan teburin Alhaji ita ce a raba littattafan gida biyu, abin da aka auna da kuɗin kamfani a ɗauki hotonsa ya shiga rumbu, abin da ya riga kamfani kuma a saya daga hannunsa ko a ba shi kaso duk lokacin da aka yi amfani da shi. Sun zauna a kan maganar sau biyu, sun yarda da rabon, farashi ne ba su daidaita ba tukuna.